Turjiyar Iska da Shan Man A-kori-kura

A birnin Kano babu motar da ta gaji jaki a fagen dako kamar a-kori-kura. Ita ce ke kwaso kwandunan tumatir daga Kadawa da Kwanar Gafan, ita ce ke fito da buhunan hatsi daga Dawanau, ita ce kuma ke kai kayan ɗakin amarya. Tun daga tsofaffin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, har zuwa Toyota Hilux da ƙananan Hijet na baya-bayan nan, siffar motar ba ta sake ba: mazaunin direba a gaba, buɗaɗɗen bodi a baya. A unguwanni irin su Gama da Gwagwarwa da Tudun Murtala, cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa, akwai magidanta da dama da tukunyarsu ta dogara ga wannan mota, musamman da yake kasuwar 'Yankaba ta kayan gwari ba ta da nisa da su.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Daga nan duk litar da mota ta sha a banza ta zama ragi a cikin kuɗin cefane. Direbobi kan kai ƙorafin shan mai wurin bakanike, a duba fulogi, a wanke kafireto, kuma hakan daidai ne. Sai dai akwai wani mai cin man da ba ya cikin inji, ba a kuma ganin sa da ido, wato iskar da motar ke ratsawa.

Iska tana da nauyi

Yawancin mutane suna ɗaukar iska tamkar ba kome ba ce, saboda ana shiga cikinta ana fita ba tare da wata wahala ba. Amma iska tana da nauyi. A yanayin Kano, inda ake da zafi kuma ƙasar ta ɗara bakin teku tudu da kusan mita 500, iskar da za ta cika akwati mai tsawo da faɗi da zurfin mita guda-guda tana da nauyin kimanin kilo 1.1. Ajin makaranta mai tsawon mita 8, faɗin mita 7 da bisan mita 3 yana ɗauke da iskar da ta kai kilo 185, kusan buhu biyu na masara ke nan. Motar da faɗin gabanta ya kai murabba'in mita 2.5 kuwa, a kowace kilomita guda da ta ci sai ta ture iskar da ta kusa tan uku daga kan hanyarta. Wannan turewa aiki ce, kuma da mai ake biyan ta.

Ƙarfin da iska ke yi wajen hana abu wucewa shi ake kira turjiyar iska. Masana sun taƙaita shi a cikin wannan ƙa'ida:

T = ½ × N × G × G × F × S

T ita ce turjiya, ana auna ta da niyuton. N nauyin iska ne, G gudun mota ne a mita cikin daƙiƙa, F faɗin gaban mota ne kamar yadda wanda ya tsaya a gabanta zai gan shi, S kuwa lambar siffa ce, wadda ke nuna yadda siffar abu ke sauƙaƙa wa iska wucewa ko take tsananta mata. Shafaffen allo da aka tsayar yana fuskantar iska yana da lamba fiye da 1. Ƙaramar motar shiga ta zamani tana da kimanin 0.3. A-kori-kura marar kaya tana tsakanin 0.4 da 0.5.

Abin lura shi ne G ya fito sau biyu. Ma'anar haka ita ce idan gudu ya ninka sau biyu, turjiya ninkawa take yi sau huɗu. Alal misali, a ɗauki mota mai faɗin gaba 2.5 da lambar siffa 0.45. A gudun kilomita 40 cikin sa'a turjiyarta niyuton 76 ce kacal. A gudun 60 ta zama 172, a gudun 80 ta kai 305, a gudun 100 kuma 478.

Domin a gane girman waɗannan lambobi, sai a gwada su da ɗaya turjiyar da mota ke fama da ita, wato ta taya da kwalta. Wannan ba ta damu da gudu sosai ba, da nauyi ta damu. Ga mota mai nauyin kilo 1,500 da tayoyi masu cikakkiyar iska, takan kai kimanin niyuton 175. Ke nan a wajen gudun 60 ne turjiyoyin biyu suke yin kunnen doki, daga nan zuwa sama kuma iska ce ke kan gaba. Wannan ya raba direbobi gida biyu. Wanda aikinsa bai wuce daga Gama zuwa Sabon Gari ko Singa ba, yana tafiya yana tsayawa cikin cunkoso, iska ba ita ce damuwarsa ba. Mansa yana ƙonewa ne a wajen tashi da taka burki da barin inji yana aiki a tsaye. Duk gyaran siffar da zai yi wa motarsa asarar kuɗin walda ne. Wanda ke bin hanyar Zariya ko ta Haɗeja ko ta Katsina kullum, shi ne wannan darasi ya shafa.

Iskar gari ma tana shiga lissafi, domin G gudun mota ne idan an gwada shi da iska, ba da ƙasa ba. A lokacin hunturu iska na busowa daga arewa maso gabas, wato kusan fuskar da mai barin Kano ta titin Haɗeja zuwa Gezawa yake dosa. Idan yana gudun 80, iskar kuma tana tahowa da gudun 20, motarsa za ta ji turjiyar gudun 100. A dawowa za ta ji ta gudun 60. Wanda ya haɗa 478 da 172 zai sami 650, alhali 305 sau biyu 610 ne. Abin da iska ta karɓa a tafiya ba ta mayar da shi duka a dawowa.

Matsalar tana baya

Da za a tambayi ɗalibai inda iska ta fi takura wa mota, mafi yawa za su nuna gaba. Gaskiya ne gaba yana da nasa rabo, amma babban ɓarnar a baya ake yin ta. Iska tana son bin jikin abu matuƙar jikin yana lanƙwasa sannu a hankali. Da zarar ta iske kusurwa mai kaifi ko yankewa ta farat ɗaya, sai ta rabu da jikin, ta bar wani fili a baya mai cike da ƙananan guguwoyi, inda matsin iska ya yi ƙasa. Matsi mai yawa a gaba, matsi kaɗan a baya: sakamakon shi ne ana jan motar baya kamar an ɗaura mata igiya. Ƙurar da ke lulluɓe bayan mota a hanyar burji, alhali gefenta da sauran haske, shaida ce ta wannan fili.

Malami zai iya nuna wannan a aji da kyandir. A kunna shi, a tsayar da ɗan kwali mai faɗin tafin hannu a gabansa, a hura kwalin da ƙarfi. Harshen wutar ba zai mutu ba, hasali ma zai karkato wajen mai hurawa, saboda iskar da ke bayan kwalin juyowa take yi. Sa'an nan a cire kwalin a sa kwalba a gurbinsa, a sake hurawa. Iskar za ta bi jikin kwalbar ta haɗu a bayanta ta kashe wutar.

A cikin shekarun 1970, bayan tashin farashin mai na 1973, wani injiniya mai suna Edwin Saltzman da abokan aikinsa a cibiyar Dryden ta hukumar NASA a Amurka sun yi irin wannan gwaji da mota sukutum. Sun lulluɓe wata motar kaya da falle-fallen ƙarfe har ta koma kamar akwati mai kaifin kusurwa, suka auna turjiyarta, sa'an nan suka riƙa mayar da kusurwoyin masu lanƙwasa. Da suka gama da dukkan kusurwoyin, turjiyar ta ragu da fiye da rabi, alhali wurin zuba kaya bai ragu ba sai ɗan kaɗan. Wannan aiki yana daga cikin abin da ya sa manyan motocin dakon kaya na yau suke da kai mai santsi da hular da ke bisa rufin direba.

Ƙyauren baya: a buɗe ko a rufe?

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin masu irin wannan mota a ƙasashe da yawa, cewa ƙyauren bodi yana tare iska kamar bango, don haka idan babu kaya gara a kwantar da shi ko a cire shi ɗungum. Maganar tana da kama da hankali, amma awo ya ƙaryata ta. A 2004 Kevin Cooper na Majalisar Bincike ta Ƙasar Kanada ya wallafa sakamakon gwajin da aka yi wa motoci a cikin bututun gwajin iska, wato wani dogon ɗaki da ake hura iska da manyan fankoki ana auna ƙarfin da take yi a jikin abu. Ya sami cewa kwantar da ƙyauren ko cire shi, ko musanya shi da raga, yawanci ƙara turjiya yake yi.

Dalilin yana da ban sha'awa. Idan ƙyauren yana rufe, iskar da ta sauko daga rufin direba takan tarar da wata babbar guguwa da ke juyawa a hankali a cikin bodin, ta cika shi kamar matashin kai. Iskar waje sai ta zame ta bisa wannan matashi ta wuce ƙyauren ba tare da ta faɗa ciki ba. Da an buɗe ƙyauren, matashin ya watse, iskar ta faɗo ƙasa, filin nan mai ƙarancin matsi da ke bayan mazaunin direba ya ƙara ƙarfi. Wannan shi ne gyara mafi araha duka, domin bai wuce a sa sakata ba.

Abin da mai walda da kafinta za su iya

Mataki na gaba shi ne murfin bodi. Idan aka shimfiɗa falle na katako marar nauyi, ko tamfol da aka ɗaure tamau, daga gefe zuwa gefe daidai da bakin bodin, turjiya takan ragu da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari. Gwaje-gwaje sun nuna cewa rabin baya na bodin, wajen ƙyaure, shi ya fi muhimmanci a rufe, domin a nan ne iskar ke saukowa.

Wanda ya fi wannan amfani shi ne murfi mai gangare, wanda ke farawa daidai da rufin direba ya sauko a hankali zuwa kan ƙyaure. A nan kusurwar gangaren ita ce kome. A 1984 wani masani mai suna S. R. Ahmed da abokansa a Jamus sun gwada wani gunkin mota da ake iya sauya gangaren bayansa. Turjiya ta fi ƙanƙanta a wajen digiri 12 zuwa 13, ta riƙa hawa bayan haka, ta kai ƙololuwa a dab da digiri 30, inda ta fi ta motar da ba ta da gangare ko kaɗan. Wato gangaren da ya yi tsanani gara babu shi. Mai aikin hannu ba ya bukatar ma'aunin kusurwa: digiri 12 yana nufin a kowace mita guda ta tsawo murfin ya sauka da kimanin santimita 21, kusan ɗaya bisa biyar. Ga bodi mai tsawon mita 2, saukar ba za ta wuce santimita 43 ba. Idan a haka murfin bai kai ga bakin ƙyaure ba, sai a yanke shi a nan a toshe bayan a tsaye. Tun a shekarun 1930 Bajamushe Wunibald Kamm ya nuna cewa yanke wutsiyar mota bayan ta ɗan tsuke ba ya jawo hasara mai yawa.

To amma a-kori-kurar Kano ba kasafai take tafiya wayam ba, kuma a nan ne babban al'amarin yake. Akasari an yi mata keji na ƙarfe da ya zarce rufin direba, ana jibga kaya har su yi tozo, wasu su leƙo ta gefe. A koma ga ƙa'idar nan. Idan lodi ya mai da faɗin gaba murabba'in mita 4, rashin daidaituwarsa kuma ya kai lambar siffa 0.7, turjiya a gudun 80 za ta tashi daga 305 zuwa kusan 760. Ana iya mayar da wannan zuwa lita. Litar fetur tana ɗauke da makamashi kimanin megajul 32, amma abin da ke isa ga taya bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, wato megajul 8. Sauran yana fita ne a matsayin zafi ta salansa da lagireto. Turjiyar niyuton 305 a tsawon kilomita 100 aikin megajul 30.5 ne, kusan lita 4. Turjiyar 760 kuwa lita 9 da rabi ce. Bambancin ya haura lita 5 a kowace kilomita 100, tun ba a sa nauyin kayan a lissafi ba. Waɗannan lambobi na misali ne, kowace mota da nata, amma sun isa su nuna cewa yadda aka tsara lodi ya fi kowane irin ƙarfe da za a liƙa wa mota tasiri.

Saboda haka yaron mota da ke ɗaure kaya yana da hannu a shan mai fiye da yadda ake zato. Kaya masu tsawo su kasance a gaba, jingine da bayan mazaunin direba, gajeru su biyo baya, ta yadda lodin zai yi gangare irin wanda aka bayyana. Kada wani abu ya leƙo ta gefe. A ja tamfol a ɗaure shi ta ko'ina, domin tamfol mai kaɗawa kamar tuta yana cin ƙarfi, yana kuma yagewa da wuri. Idan tilas ne lodi ya zarce rufi, to ana iya ƙera hula ta langalanga a bisa rufin direba, mai tashi a hankali daga saman gilashi zuwa tsayin kayan, gefunanta a lanƙwashe. Sharaɗinta shi ne ta zama mai ciruwa ko mai kwantawa, domin a dawowa babu kaya ita kanta ƙarin faɗin gaba ce. Haka nan kejin da babu kome a cikinsa: sandunan ƙarfe, musamman masu kusurwa huɗu, suna da turjiya mai yawa idan aka dubi ƙanƙantarsu. Kejin da aka ɗaure da noti, ana iya sauke shi ranar da ba a bukata, ya fi wanda aka yi wa walda ta dindindin.

Akwai inda dole ƙa'idar iska ta ba da wuri. Tumatir da tattasai suna bukatar shan iska. Wanda ya lulluɓe su ruf da tamfol a cikin zafin rana don ya tsira da lita biyu zai iya isa 'Yankaba da kwandunan da suka fara ruɓewa. Dabbobi kuwa ba a ma maganar rufe su. Akwai kuma dabarun da ake yi a ƙasashe masu sanyi waɗanda ba su dace da nan ba. Toshe wani sashe na hancin mota yana rage turjiya, amma a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, hana lagireto iska hanya ce ta ƙona gasket. Shimfiɗa falle a ƙarƙashin mota yana gyara tafiyar iska, sai dai yana tare zafin salansa, kuma ramuka da tudun rage gudu ba za su bar shi ya daɗe ba. Duk abin da aka ƙara wa mota kuma wajibi ne ya ɗauru da kyau, kada ya rufe fitila ko lamba ko madubi, domin falle guda da ya ɓalle a gudun 80 yana iya halaka mai babur da ke biye.

Ya kamata a faɗi iyakar ribar. A kan babbar hanya iska tana cin kimanin rabin ƙarfin da ke isa ga taya, don haka rage turjiya da kashi 10 cikin ɗari ba zai rage shan mai da fiye da kashi 5 ba. Ga motar da ke shan lita 12 a kilomita 100, wannan ya ɗan wuce rabin lita. Ba abin rainawa ba ne ga mai cin kilomita 200 kullum, amma duk wanda ya yi alkawarin raba shan mai biyu da wani ƙarfe, ciniki yake nema. Sauke gudu daga 100 zuwa 80 kuwa yana rage turjiya da kashi 36 cikin ɗari, ba tare da an sayi ko ƙusa ba.

Yadda za a tabbatar

Ido ba ya ganin iska, amma zare yana gani. A yanyanka zaren ulu mai tsawon ɗan yatsa, a liƙa gutsattsarin da salatif a jere a kan murfin da aka ƙera, wata mota ta bi gefe a ɗauki hoton bidiyo da waya. Inda zaren ya kwanta ya miƙe baya, iska tana bin jiki. Inda yake rawa ko ya juyo gaba, ta rabu, kuma alama ce gangaren ya yi yawa.

Awon turjiya kuma ba ya bukatar abin da ya wuce agogo. A sami miƙaƙƙiyar hanya shafaffiya marar cunkoso, ƙwararren direba ya kai gudun 80, ya sa motar a firi ba tare da ya kashe inji ba, domin burki yana bukatar injin. Ɗalibin da ke gefensa ya ƙirga daƙiƙoƙin da za ta ɗauka kafin ta sauko 50. A yi haka sau uku a tafiya, sau uku a dawowa, don a soke tasirin iskar gari da karkatar hanya, sa'an nan a fitar da matsakaici. A ɗora murfin a maimaita, a cire shi a sake maimaitawa karo na uku. Idan awon farko da na uku ba su yi kusa da juna ba, wani abu ya sauya a tsakani, ko iska ko zafin taya, kuma sai an sake gwajin. Nauyin motar ma dole ya zama ɗaya a kowane zagaye, don haka a lokacin da murfin ba ya bisa, sai a kwantar da abu mai nauyinsa a cikin bodin.